Tsohuwar Laftof Da Wasan Gem: Kafin A Zargi Tsufa, A Duba Ƙura Da Zafi

A Daudawa da sauran garuruwan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, laftof ɗin da matashi ke buga PES ko GTA San Andreas a kanta galibi ta hannu ce, irin su HP EliteBook 840, Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad T430. Don aikin ofis aka ƙera su, ba su da katin hoto na musamman. Intel HD Graphics da ke cikinsu daga RAM ɗin kwamfutar yake aron wurin aiki.

Tsofaffin wasannin suna da farin jini a yankin saboda ba sa neman data. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan ukun. A ƙarshen wannan watan ne Konami ya fitar da eFootball 2022 wanda ya dogara da intanet. Wanda ke da PES 2017 a kwamfuta bai rasa abin bugawa ba.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne wasa ya fara lafiya, bayan ɗan lokaci ya soma sarƙewa. Wannan alamar zafi ce. Idan furosesa ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kamar yadda waya ke yin nauyi idan ta ɗauki zafi ana tsakiyar Free Fire. Ƙurar hunturu tana taruwa tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi har ta dunƙule kamar auduga, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da hanyar iska a toshe. Manhajar HWMonitor kyauta ce, tana nuna zafin furosesa. Idan ya haura 90 ana cikin wasa, sai a buɗe a share fankar, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo. Wanda bai saba kwance kwamfuta ba ya kai wa mai gyara a Funtuwa, don wayar kibod da ta fanka ba su da wuyar tsinkewa. Ɗora laftof a kan katifa ko darduma kuwa toshe mata hanci ne.

Sai batun wuta. Yawancin laftof suna rage ƙarfi da zarar sun koma kan batir, shi ya sa wasan ke canzawa idan aka ɗauke wuta. Cajar da ba ta kai ƙarfin ta asali ba ma tana jawo haka, musamman a Dell, wadda ke rage gudun furosesa idan ba ta gane cajar ba.

Gyaran da ba ya cin ko sisi yana cikin saitin wasan. Hoto mai girman 1920x1080 ɗigo sama da miliyan 2 ne, na 1280x720 kuwa 921,600, bai kai rabi ba. Saukowa zuwa 720 da kashe inuwa suna sauke wa injin kaya sosai. A rufe Chrome kafin a fara.

Idan akwai ɗan kuɗi, RAM ta biyu ce ta fi cancanta. Guda biyu masu 4GB sun fi guda ɗaya mai 8GB amfani ga Intel HD, domin hanya biyu suke buɗe wa bayanai. Task Manager yana nuna ko akwai ramin da ba kowa. A kula da iri: EliteBook 840 G1 da G2 DDR3L suke ɗauka, G3 kuwa DDR4. SSD tana sa Windows da wasa su buɗe da sauri, amma ba ta ƙara santsin motsi a fili, kuma nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi su dawo suna jin haushi.

Manhajojin da ke alkawarin ninka gudun wasa ba su da wani abin kirki da suke yi bayan rufe abin da mutum zai iya rufewa da hannunsa. Haɗarin ya fi yawa a wasannin da ake turawa ta filash, waɗanda kan zo da bairos. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma waɗannan kwamfutocin ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su a hukumance. Mai shiga asusun bankinsa a laftof ɗin da yake buga wasa ya bar Windows Defender a kunne, ko da mai tura wasan ya ce a kashe.