Jinin Dasashi Da Maganin Kurkurar Baki

Mutane da yawa sukan ga jini a jikin asuwaki ko buroshi idan sun goge baki da safe. Wasu sai su ce asuwakin ne ya yi ƙarfi, su daina goga wurin. Wannan kuskure ne. Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi a hankali. Jinin alama ce ta cewa dasashi ya kumbura.

Abin da ke kawo kumburin wata dauɗa ce mai yauƙi da ke mannewa a gindin haƙori. Idan mutum ya kankara haƙorinsa da farce zai gan ta, fara-fara mai laushi. Ba ragowar tuwo ba ce kawai. Ƙwayoyin cuta ne masu tarin yawa, waɗanda ido ba ya gani, suke zaune a ciki. Kullum sai ta sake taruwa. In aka bar ta, sai ta taurare kamar dutse, ta yadda buroshi ba zai iya cire ta ba. Daga nan sai baki ya riƙa wari, dasashi ya janye, haƙori ya fara girgiɗi har ya faɗi. Masu juna biyu da masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa.

Akwai maganin ruwa da ake kurkure baki da shi, mai kashe waɗannan ƙwayoyin cuta. Wanda likitocin haƙori suka fi bayarwa shi ne mai ɗauke da sinadarin Chlorhexidine. Haka ake rubuta sunan a jikin kwalba. Amfaninsa shi ne yana kama jikin haƙori da dasashi, ya ci gaba da aiki sa'o'i da yawa bayan an tofar.

Idan an rubuta 0.2% a kwalbar, ana auna mililita 10, wato ƙaramin cokalin shayi 2. A guntsa, a kurkura tsawon minti 1, sannan a tofar. Ba a haɗiye shi. Ana yin haka sau 2 a rana, safe da dare. Kada a bi shi da ruwa, kuma a dakata da ci da sha na rabin sa'a. Wanda ya goge baki da man goge haƙori shi ma ya jira rabin sa'a kafin ya kurkura, domin kumfar man tana rage ƙarfin maganin.

Maganin ba na kullum ba ne. Galibi mako 1 ko 2 ake yi, sai dai in likita ya ce a ƙara. Idan aka daɗe ana amfani da shi, haƙori da harshe sukan yi ruwan ƙasa, musamman ga masu yawan shan shayi da cin goro. Yakan kuma canja ɗanɗanon abinci na ɗan lokaci. Wanda ya ga leɓensa ya kumbura ko jikinsa na ƙaiƙayi, ya daina nan take ya tafi asibiti. Wasu kwalaben akwai barasa a cikin haɗinsu, wasu babu, don haka a tambayi mai kyamis, a kuma duba lambar NAFDAC.

Akwai wani Chlorhexidine da ake shafa wa jarirai a cibiya, da wanda ake wanke miki da shi. Waɗannan ba na baki ba ne. Haka nan Dettol da Izal ba a sa su a baki ko kaɗan.

Duk ƙarfin maganin nan, ba ya maye gurbin asuwaki ko buroshi. Shi kashe ƙwayoyin cuta yake yi, amma cire dauɗar aikin hannu ne. A goge gindin haƙori a hankali, ciki da waje, safe da dare, ko da jini yana fita. Cikin mako 2 jinin yakan tsaya. Inda babu kuɗin magani, ruwan ɗumi kofi 1 da rabin ƙaramin cokalin gishiri yana rage zafi. Dauɗar da ta riga ta taurare kuwa, sai ma'aikacin haƙori ya kankare ta.

Ƙananan yara ba a ba su maganin kurkura, domin haɗiyewa za su yi. Amma bakinsu shi ya fi bukatar sa ido. Akwai wata cuta da likitoci ke kira Noma (ba noman gona ba), wadda takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don ita tun 1999. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumbura, ta kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada ta jira ranar kasuwa.