Me Ya Riƙe Auren Kakanninmu?



A fiƙihun bana mun karanta babin aure. Da Malam ya kawo aya ta 21 ta Suratur Rum, inda Allah ya ambaci ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata, sai wani ɗan ajinmu ya ce shi fa bai taɓa jin kakansa ya ce yana son tsohuwarsa ba, ga su kuma sun haura shekara 50 tare. Aka yi dariya. Malam ya ce to, a je a tambayo. Tambayar ba ta ba mu wuya ba, tunda jika abokin wasan kaka ne.

Duk tsohon da muka tambaya, daga hanya yake farawa. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yo gabas da jama'a, har suka kafa garin nan namu na Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma sun biyo baya da niyyar hajji, suna tafiya suna yada zango shekara da shekaru. Auren da aka ɗaura a hanya babu lefe, babu gara, dangi kuwa suna can Sakkwato ko Kano. In mace ta yi fushi, gidan wa za ta? Dole a zauna a sasanta kafin ayari ya tashi. A irin gidajen nan kakanninmu suka tashi, abin da suka gani ke nan.

Sai auduga. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin Jazira suka nemi hannu. Mutanenmu da yawa ba su da hawasha tasu, sai zaman kambo a bakin gonar wani. Lokacin cira, miji da mata layi ɗaya suke bi, goyo a baya, gwargwadon abin da aka auna ake biya. Wata tsohuwa ta ce mana shekarar da masassara ta kwantar da maigidanta ita ta cire rabonsa da nata, ta dawo ta soya gyaɗar sayarwa. Da ya tashi ya kama sana'ar agashe, kuɗin farko ya sayo mata tobu. Ya koɗe, amma yana nan a ƙasan akwatinta.

Kada dai mu ƙawata labarin fiye da kima. An yi faɗa, an yi yaji da biko, wasu auren ma sun mutu. Kuma a ganinmu ba kowane shiru ne haƙuri ba, wani zalunci ne aka haɗiye. Waɗanda nasu ya ɗore, mun lura kowa ya taɓa ɗaukar nauyin ɗan uwansa, kuma ba a yi gori ba.

Maganar "ina sonki" kuwa, kunya ce ta hana. Mace ba ta kama sunan miji, sai "Malam" ko "shi". Amma a duba wa ake fara zuba wa jabana, wa kuma ake ɓoye wa ɓarin goro.

A Disamban 2023, da yaƙi ya shiga Madani, jama'a suka gudo wajen Sinnar. Cikin waɗanda suka sauka unguwarmu akwai wani dattijo da matarsa mai ciwon ƙafa. An samar masa wuri ɗaya a mota, ya ɗora ta, shi ya biyo daga baya, wani wajen a ƙasa, wani wajen a keken jaki. Muka tsokane ta, muka ce Habboba, ashe dai ana soyayya? Ta ja tobu ta rufe baki, ta ce: "Ku tafi can, 'yan nema! Ku kai masa ruwan alwala, la'asar ta yi."