Lasisin da ba ya tsallaka teku: Halin da masu farfaɗo da majinyata 'yan Filifins ke shiga a ƙetare

Wanda ya tsira daga shanyewar ɓarin jiki yakan bar asibiti da ransa, amma bai iya sa riga ko kai loma bakinsa ba. Akwai ma'aikacin lafiyar da aikinsa ke nan: sake koya wa majinyaci wanka da rubutu da girki, da horar da yaro mai lalurar galahanga yadda zai zauna a aji. Aikinsa daban ne da na mai gashin ƙashi, wanda ya fi mayar da hankali kan motsin gaɓoɓi.

Filifins ta daɗe tana yaye irin waɗannan ƙwararru. Jami'ar Filifins da ke Manila ta buɗe kwas ɗin a 1962, a 1969 aka yi dokar da ta tsara sana'ar tare da ta masu gashi, sannan a 2019 aka sanya hannu kan dokar da ta ware ta. Sai dai da yawa daga cikin masu lasisin, da zarar sun yi 'yan shekaru suna aiki, sukan fara haɗa takardun fita Amurka, Birtaniya, Ostireliya, Singafo ko ƙasashen Larabawa. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta mayar da tura ma'aikata waje manufar gwamnati tun 1974, wadda kuma 'ya'yanta mazauna ƙetare suka aika gida da fiye da dala biliyan 33 ta bankuna a 2023.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, lasisin Manila ba ya aiki a Texas. Tun 2007 Amurka ta mayar da digiri na biyu matakin shiga sana'ar, alhali a Filifins digiri na farko ake yi. Don haka mai son tafiya yakan koma karatu da kuɗinsa, ya miƙa takardunsa ga hukumar NBCOT ta tantance, ya ci jarrabawarta, ya samo shaidar VisaScreen, sannan ya nemi lasisin jihar da zai zauna. Akwai kuma wani bambanci mai ciwo. Gwamnatin Amurka ta sanya ma'aikatan jinya da masu gashi cikin jerin sana'o'in da ta amince ana ƙarancinsu, wanda ke rage musu matakin neman izinin zama. Masu farfaɗo da majinyata ba sa ciki. Dole mai ɗaukar su ya fara nuna cewa ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba, bayan haka a shiga layin biza, inda doka ta ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin 100. Jiran kan kai shekaru.

A Birtaniya hukumar HCPC ce ke yi musu rajista. A Ostireliya kuwa, inda shirin inshorar masu naƙasa da aka fara a 2013 ya ƙara buƙatar su, sabon zuwa kan yi aiki ƙarƙashin kulawar wani kafin a sakar masa mara.

Wannan kashe kuɗi ne ke tura mutane hannun kamfanonin dillancin ma'aikata, waɗanda kan biya wa mutum jarrabawa da tikiti, su ɗaure shi da kwantiragi mai tara idan ya bar aiki. A 2019 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci cewa barazanar tarar dala 25,000 da aka yi wa ma'aikatan jinya 'yan Filifins ta saɓa wa dokar hana fataucin mutane. Shari'ar ta masu jinya ce, amma duk mai sa hannu kan irin wannan takarda ya kamata ya san da ita.

Ko an isa, aikin kansa sai an sake koyo. A gida, akasarin guraben aiki a cibiyoyin yara masu zaman kansu suke, kuma iyali ne ke ɗaukar ɗawainiyar tsoho. Yi wa uba wanka girmamawa ce. A Amurka mutum kan tsinci kansa a gidan kula da tsofaffi, inda ake auna nasararsa da ko dattijuwa za ta iya zama ita kaɗai a gidanta, kuma kowane minti sai ya rubuta shi saboda kamfanin inshora.

Asarar da ta fi girma tana gida. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000 da mutane fiye da miliyan 109 a ƙidayar 2020, ƙwararrun kuma sun taru a Manila da manyan birane. Masu tafiya su ne waɗanda hannunsu ya faɗa, masu koyar da na baya. Duk da haka Filifins ba ta cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 a yi hattara da kwashe musu ma'aikata (Najeriya na ciki), saboda haka ɗiba daga can halal ne a idon masu ɗiba.

Dokar kula da lafiyar kowa ta 2019 ta wajabta wa wanda ya yi karatu da tallafin gwamnati ya yi wa ƙasa aiki na aƙalla shekara uku. Wanda iyayensa suka biya masa kuɗin makaranta, wannan sharaɗi bai hau kansa ba.