Gilashin Ƙofar Mota In Ya Fashe: Yadda Ake Samo Wanda Ya Dace da 'Yan'uwansa

Bayan farashin kaya na wannan mako, ga wata magana da ta shafi duk mai mota, musamman masu saye su sayar. Gilashin ƙofa abu ne mai saurin tafiya. Ɓarawo ya fasa shi don jakar da aka bari a kujera, ko tayar tirela ta harbo tsakuwa, ko yaro ya yi jifa. Mai mota sai ya aiki yaro Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Panteka in a Kaduna ne, ya ce a samo masa na mota kaza. A kawo, ya shiga daidai, yana hawa yana sauka, a biya bakanike. Sai an fito da motar rana sa'an nan a ga ƙofar gaba ta yi kore, ta baya ta yi toka-toka, ko ɗaya ta yi baƙi ƙirin ɗaya kuwa ta koma kalar shuni.

Wani zai ce wannan ai ƙawa ce kawai. To, dillalin mota ya san ba haka ba ne. Mai saye in ya zo yakan zagaya mota tukuna kafin ya ce a buɗe inji, kamar yadda mai sayen hatsi yake soka buhu ya duba a tafin hannu. Da ya ga gilashi ɗaya ya fita daban, zuciyarsa ta tafi kan haɗari. Sai ya fara ƙwanƙwasa ƙofa yana neman inda aka cike aka yi fenti, ya kuma fara rage tayi. Abin da za a zaftare maka a ciniki yakan ninka kuɗin gilashin da ka yi tsimi a kai. Ban da wannan kuma akwai zafi. A watan Afrilu Kano takan kai digiri 40, Sakkwato da Maiduguri sukan wuce haka, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yakan haura 60. Wanda ke zaune gefen gilashin da bai dace ba shi zai fara ba da labari, da damtsensa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne duhun gilashi iri biyu ne, kuma mutane suna kiransu duka da suna ɗaya, wai tinti. Akwai wanda launin yana cikin jikin gilashin tun daga narka shi a kamfani. Wannan ba ya ɓarewa, ba ya koɗewa, ko da za ka kankare shi da reza. Akwai kuma leda, wadda ake mannawa ta ciki bayan mota ta fito. In kana son ka bambance, sauke gilashin rabi ka bi bakinsa na sama da farce ta ciki. Leda takan tsaya ɗan ƙasa da baki, za ka ji tudunta. In ka ji sumul har ƙarshe, launin na kamfani ne.

Ko gilashin da muke ce wa fari ma ba fari ba ne tas. Ka ɗora shi kan farar takarda za ka ga yawanci yana da ɗan kore, wanda sinadarin ƙarfe da ke cikinsa ke kawowa, kuma wannan koren yana tare wani kaso na zafin rana. Wani yakan karkata zuwa shuɗi, wani toka, wani ruwan ƙasa. Kamar dawa ce, ƙaura da farfara duk dawa ake ce musu, amma ba wanda zai haɗa su a buhu ɗaya ya ce mai saye ba zai lura ba.

To yaya za a gane irin wanda ke jikin motarka? Kamfani ya riga ya rubuta. A ƙasan kowane gilashi, can wajen kusurwa, akwai ɗan tambari da rubutun boko ƙanana. Ko ba ka karanta boko ba, ɗauki hoton na ɗaya ƙofar da ta tsira da wayarka, ka ba ɗan aike, ka ce wanda za a kawo tambarinsa ya yi daidai da wannan. A nan za ka ga sunan mai yin gilashin, irin su Pilkington ko Sekurit ko AGC, ko na ƙasar Sin irin su Fuyao da XYG. Za ka kuma ga AS da lamba, wanda awo ne na Amurka. AS1 shi ake sa wa a gilashin gaba. AS2 na ƙofofi ne, kuma yana barin haske aƙalla kashi 70 cikin 100 ya wuce. AS3 shi ne mai duhu wanda bai kai 70 ba, wurinsa bayan direba. Motocin Turai kuwa suna da harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince da gilashin, 1 Jamus, 2 Faransa, 6 Beljiyam, da rubutun 43R a gefe. In aka sa harafin V kusa da da'irar, alama ce cewa mai duhu ne. Kamfanoni da yawa suna sa lamba ɗaya da ɗige-ɗige da ke nuna shekarar da aka yi shi, kuma gogaggen mai saye yakan bi ƙofa ƙofa ya duba ko shekarun sun yi kusa.

Wani abu da zai taimaki masu sayen 'yar Kwatano: dokar Amurka ba ta yarda ƙaramar mota ta fito daga kamfani da gilashi mai duhu ba, ko gaba ko baya. Saboda haka Camry ko Corolla da ta fito daga can, in ka gan ta da duhu, leda ce wani ya sa. Manyan motoci irin su Sienna da Highlander su ne yawanci ke zuwa da duhun kamfani a ƙofofin baya. Ga irin waɗannan, kada ka yarda a kawo maka farin gilashi a ce za a bi shi da leda ya zama ɗaya. Da yamma zai yi kama, amma da tsakar rana ƙyallinsu ba ɗaya ba ne, kuma bayan bazara biyu ledar za ta sauya ta bar na kamfani yadda yake. A nemi AS3 ɗin, ko da na hannu ne.

Kalma ɗaya a tambarin ta fi launi muhimmanci. Gilashin ƙofa yawanci an rubuta masa Tempered, watau an gasa shi an huce shi da sauri, don in ya fashe ya zama tsaki-tsaki kamar gishirin kanwa maimakon ya yanka mutum. Irin wannan ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Duk wanda ya ce maka zai rage maka babba ya shiga ƙofarka, ko zai yanko maka sabo a shago, to gilashin tagar gida zai ba ka, wanda in ya fashe yakan zama wuƙaƙe. Wannan kada a kusance shi ko kyauta ne. Wasu motocin na baya-bayan nan kuma ƙofofin gabansu Laminated ne, watau falle biyu da roba a tsakani kamar gilashin gaba. Ya fi tare ƙara, ya fi kuma tare hasken nan da ba a gani mai ƙona fata da koɗar da kujera. In aka musanya shi da na gama-gari, direba zai ji iska ta ƙaru a kunnensa ta gefe ɗaya.

Yanzu sai maganar leda, inda rigima ta fi yawa. Lambar da masu mannawa ke faɗa, 5 ko 20 ko 35 ko 50, yawan hasken da ledar ke bari ya wuce ne cikin 100. Ƙaramar lamba ita ce mai duhu. Amma ledar ba a iska take tsayawa ba, kan gilashi take, shi ma yana cin nasa rabon. Ka manna mai 35 a gilashin da ke barin 75, abin da zai wuce kusan 26 ne. Ka manna ita wannan ɗin a gilashin kamfani mai barin 20, sai ya koma 7, wanda da dare ko mai babur ba za ka hanga ba in kana juyawa. Shi ya sa ake iya yanko leda daga nadi ɗaya a manna a ƙofofi biyu su fito daban, domin gilasan da ke ƙarƙashi ba ɗaya ba ne. A daidaita gilashi tukuna, sa'an nan a zo kan leda.

Ko an daidaita gilashin ma, akwai sauran aiki, kuma a nan ne ranar ƙasarmu ke shigowa. Leda mai araha rini ne kawai a cikinta. Rana takan cinye rinin sannu a hankali har ta koma ruwan shuni, gam ɗinta ya saki ta yi ƙuraje. Wadda ta sha bazara uku a ƙofar baya ba ita ce wadda aka manna ranar farko ba, ko da lambarta 20 ce sabuwar ma 20 ce. Mu masu hatsi mun san wannan, geron bara da na bana ba sa zama launi ɗaya ko gona ɗaya suka fito. Mai manna leda zai ce maka, "Alhaji, ai iri ɗaya ce, daga kwali ɗaya na ciro." Ba ƙarya yake ba, amma ba za ta dace ba. A ganina abin da ya fi shi ne a ɓare ledar gefen nan gaba ɗaya, ƙofar gaba da ta baya da ɗan ƙaramin gilashin kusurwa, a sake su tare, domin ido ya fi gwama abin da ke jere. In motar ta sayarwa ce, ko tsohuwar ledar ta riga ta fara shuni, a sake ƙofofin duka a huta. Sai dai a yi hattara da gilashin baya. Waɗannan siraran layuka da ke jikinsa wayoyi ne na kore raɓa, a wasu motocin har da eriyar rediyo, kuma reza tana tsinka su.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fi baƙi ya fi sanyi. Kusan rabin zafin rana yana zuwa ne ta hasken da ido ba ya gani. Baƙar leda mai rini tana rage ƙyalli, tana kuma ɓoye na ciki, amma zafin da ta sha a jikin gilashin yake taruwa, ya sake bugowa ciki. Akwai mai ƙarfe-ƙarfe, mai sheƙi kamar madubi, wadda ke mayar da zafi da kyau, sai dai takan rage ƙarfin sabis na waya. Akwai kuma wadda ake ce wa siramik, ta fi tsada, ba ta saurin koɗewa, kuma mai haskenta takan tare zafi fiye da baƙar mai araha. Saboda haka in sauran ƙofofi siramik ne aka cike ɗaya da mai rini, ko launi ya zo ɗaya, wannan kujerar ita ce ba mai son zama. Gwajin ba wuya. Karɓi ƙyalle-ƙyallen ledar ka fita rana, ka riƙe kowanne bisa bayan hannunka na ɗan lokaci. Launi ma a rana ake duba shi, ta waje da ta ciki, ba a ƙarƙashin rumfar shago ba.

Sai hukuma. Akwai dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1991 da ta hana sa wa gilashin mota duhu sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro, kuma ta tanadi tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A 2021 'yan sanda suka dakatar da ba da takardar izinin. A 2025 suka dawo da ita ta intanet da biyan kuɗi, aka yi ta ɗage ranar fara kamu, Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya kuma ta kai maganar kotu. Mai tafiya kasuwannin ƙauye, wanda zai wuce shinge biyar kafin azahar, ya san abin da baƙin gilashi ke jawowa na ɓata lokaci. Ga irinsa, ƙofofin gaba gara a bar su da haske, ko a sa leda mai haske mai tare zafi. Dillali kuwa ya gaya wa mai saye tun farko cewa an canja gilashi kaza kuma ga dalili. In mutum ya gano da kansa bayan an biya la'ada, zai dawo, kuma ba gilashin kaɗai zai tuhuma ba.

Na hannu, wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, sau da yawa ya fi sabon kanti dacewa, tunda kamfani ɗaya ne ya yi shi da naka. A duba shi a haske ko yana da zane, a tabbata na hagu ne ko na dama, na Amurka ne ko na Turai, domin mota ɗaya shekara ɗaya takan bambanta. Wani yana ɗauke da lambar shasin tsohuwar motar an zana a jikinsa, wannan a bar shi, zai iya jawo tambaya. A kuma karɓi rasit, don gilashin da aka kwance wa wani jiya da dare ma kasuwa yake zuwa.

Kafin a ɗaura, ka tsaya a kan bakanike ya buɗe cikin ƙofar ya kwashe tsakin tsohon gilashin tas. In ya rage, zai riƙa ƙara a hanya, ya cije injin ɗaga gilashi, ya toshe ramukan da ruwa ke fita da damina har ƙofar ta yi tsatsa. Robar bakin ƙofa ma a wanke ta ko a canja, domin ƙurar hunturu da ta maƙale a ciki ita ke ja wa sabuwar leda layuka daga sama zuwa ƙasa. Bayan an manna, a bar gilashin a rufe kwana 3 zuwa 5, kuma in ka ga ɗan hazo ko ƙananan ƙurajen ruwa a kwanakin farko kada ka sa farce, rana za ta busar da su. Wajen gogewa, ruwa da tsumma mai laushi sun isa.