Ɗiyan zuma cimaka ne, kar a zubda su

Lokacin ɗibar zuma, mai amya yakan hau icce da dare, da hayaƙi da ƙwarya. In ya sauko sai ya ware saƙa kashi biyu. Mai zuma ta shiga tulu. Mai ɗiya kuwa, wasu su tsotse ta nan take, wasu su watsa ma kaji. Haka ake yi a karkarar Gaya da Madarunfa da Magarya. Alhali a gidan, wataƙila akwai yaro mai fama da tamowa, wanda ya yi wata bai ga nama ba. Abin da aka zubda ɗin cimaka ce mai gina jiki.

Mine ne ɗiyan zuma?

Uwar amya, wadda ake ce ma sarauniya, ita ke saka ƙwai cikin ramukan saƙa. Bayan kwana 3 ƙwan ya zama tsutsa. Ƙudajen zuma su ciyar da ita wajen kwana 6, sannan su rufe ramin da kaki. A ciki take yin kai da ƙafafu da fukafukai, tana fara fat. Ma'aikaciya takan fito wajen kwana 21 bayan saka ƙwai, namiji kuwa kwana 24. Tsutsar da wadda ke kwance cikin rufaffen rami, su ne ɗiyan zuma.

Abin da ke cikinsu

Zuma tana ba da ƙarfi, amma kusan babu abin gina jiki cikinta. Yana cikin ɗiyan. Masana sun auna: ɗanyun ɗiya, kashi uku cikin huɗu ruwa ne. In an busar da su, garam 100 na tsutsa yana da wajen garam 35 na abin gina jiki, irin wanda ake samu cikin nama da ƙwai da wake. Na rufaffen rami yana da wajen garam 45. Akwai mai, akwai sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, akwai bitamin B. Sai dai sinadarin ƙarfafa ƙashi kaɗan ne, don haka ba su maye nono.

Akwai wani amfani kuma. Kowa ya san hauya tana tsatsa in an bar ta ga iska da laima. Naman jikin mutum ma yana samun irin wannan lahani a hankali, saboda aiki da ciwo da tsufa. Wasu sinadarai na cimaka suna tsare jiki daga wannan tsatsa. Akwai su cikin zogala da yakuwa da mangwaro. Awon masana ya nuna akwai su cikin ɗiyan zuma. Amma cimaka ce, ba magani ba. Maras lafiya likita za a kai shi.

Cin ɗiyan zuma ba abin kunya ba ne. Ana cin su a Tayilan da Japan da Meziko da Tanzaniya. A shekara ta 2013, hukumar cimaka da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da babban rahoto kan ƙwarin da mutane ke ci, kuma ɗiyan zuma na ciki. Wanda ke sayen soyayyar fara a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya riga ya san daɗin irin wannan cimaka.

Yadda ake gyara su

A sa saƙar cikin ruwan zafi. Kaki zai narke ya taso sama, a kwashe shi a ajiye, don shi ma kuɗi ne. A tsame ɗiyan, a tafasa su cikin ruwa mai tsabta. Sannan a soya da mai da albasa da gishiri da yaji. Ɗanɗanonsu ya yi kusa da na gujiya. Ana iya shanya dafaffun, a daka, a zuba cikin miya ko kunun yaro.

A dafa su ranar da aka ɗebo, don suna saurin lalacewa. Kar a ci na amyar da ke kusa da gonar da aka fesa ma maganin ƙwari. Kar a ci baƙaƙe ko masu wari. Wanda harbin zuma ke kumbura ma jiki duka, ya bar su. Jariri kuwa, in bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Kar a kashe amya

Nan ne ake son hankali. Ɗiyan yau su ne ƙudajen da za su yi zuma nan gaba. Su ne kuma ke bin furen riɗi da kabewa da kankana har su yi ɗiya da yawa. Wanda ya kwashe saƙa duka ya ci irin shukarsa.

Ɗiyan maza su ne suka fi dacewa da tukunya, don namijin zuma ba ya ɗebo ruwan fure. Ramukansu sun fi girma, murfinsu a kumbure yake, kuma galibi suna gefen saƙa. Na ma'aikata suna tsakiya, murfinsu a shimfiɗe: a bar su cikin amya. Wanda ya fito bisa kuskure, a ware shi. In aka matse shi tare da zuma, zumar takan yi ruwa, ta yi tsami, kuɗinta ya faɗi a kasuwa.

Mai amya da ya kiyaye wannan ya ci riba uku: zuma mai kyau, miya mai gina jikin iyali, da amya mai rai har baɗi.