Da Me Ake Auna Shekarar Ƙungiyar Ƙwallon Kwaleji?

Tambayi mai son tamaula a Kontagora yadda Niger Tornadoes ta ƙare kakar bara, nan take zai zayyano maka: wasa nawa ta ci a gida, sau nawa aka casa ta a waje, a ina ta tsaya a teburi. Yi masa tambayar nan a kan 'yan wasan tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garinsa, wadda yanzu ta zama jami'a, sai ya kama sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne. A ƙasar nan ƙungiyar kwaleji ba ta da kaka irin wadda muka sani.

Abin da take da shi gasa ce ta 'yan kwanaki. Kwalejojin ilimi suna haɗuwa a NICEGA, na kimiyya da fasaha a NIPOGA, jami'o'i kuma a NUGA, wadda aka fara a Ibadan tun 1966. Ana tankaɗe da rairaya a shiyya, waɗanda suka tsallake su tafi babban taro. Ke nan wahalar shekara guda tana iya tashi a banza cikin minti 90, ko a bugun fenariti ɗaya da ya daki turke. Wa zai yanke wa manomi hukunci da zangarniya ɗaya?

Ga kuma halin ɗalibta. Karatun NCE a kwalejin ilimi shekara uku ne. Kafin koci ya gama haɗa kan 'yan baya da mai tsaron gida, kyaftin ya tafi koyon koyarwa a wani ƙauye, ɗan gaba yana fama da jarrabawa, na uku ya kammala ya yi gaba. Idan yajin aiki ya shigo, sai ciyawa ta gaji filin. Saboda haka ni a wurina, mai son sanin ƙwazon irin wannan ƙungiya ya duba wasa nawa ta samu ta buga, yara nawa suka ɗore da atisaye, nawa ne kuma suka fita da takardar shaida a hannu. Kofi ya biyo baya.

Kada a raina ƙwallon kwaleji. Segun Odegbami, wanda ya zura biyu cikin ukun da Nijeriya ta ci Aljeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan ne a dā. A 2018 kuma an kafa gasar HiFL domin manyan makarantu, jami'ar aikin gona ta Makurɗi ta ɗauki kofin farko.

Jihar Neja ba ta rasa makarantu ba: akwai su a Kontagora, Minna, Bida, Zungeru da Lapai. Muna kira ga shugabanninsu da ma'aikatar wasanni ta jiha su zauna su tsara musu gasar gida da waje a kowane zangon karatu, a riƙa rubuta sakamako ana adanawa.