Sabuwar na'urar gem: Ido ke yaba ta, hannu ke yanke mata hukunci

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san wannan rigimar. An tashi wasan ƙwallo, an lallasa mutum da ci uku da nema, sai ka ga ya ɗaga abin da ke hannunsa yana cewa, "Wallahi hannun nan ne ba shi da kyau, a canza mini." Abokai su kwashe da dariya. Sau da yawa borin kunya ne kawai, amma ba kullum ba. Abin nan da ake riƙewa a sarrafa wasa, wanda wasu ke kira fad wasu kuma hannu, shi kaɗai ne sashen na'urar da jikinka ke taɓawa tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Idan ya yi maka daidai, mantawa kake da shi. Idan bai yi ba, duk kyawun hoton da ke talabijin ba zai hana ka jin haushi ba.

Shi ya sa idan sabuwar na'ura ta fito, hoto ne ke fara jan ido, amma hirar da ke daɗewa a bakin 'yan gem ta hannu ce. PlayStation 5, wadda har yau take sabuwa a gidajen gem da dama, ta isa misali.

Ranar da PS5 ta fito

Kamfanin Sony ya fitar da PS5 ranar 12 ga Nuwamba 2020 a Amurka da Japan da wasu ƙasashe, yawancin sauran ƙasashe kuma suka samu bayan mako guda. A lokacin, an sayar da mai cin faifai Dala 499, marar faifai Dala 399. Abin da mutane suka fara magana a kai shi ne girmanta: tsawonta ya kai kusan santimita 39, nauyinta kilo huɗu da rabi. A intanet an yi ta zolaya ana kwatanta ta da akwatin nan na rarraba intanet. Na biyu shi ne sauri, domin jiran da aka saba yi kafin wasa ya buɗe ya ragu ƙwarai. Na uku kuwa wahalar samu: lokacin annobar korona ne, kayan haɗa na'urori sun yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka riƙa sayewa suna tsawwala kuɗi.

Amma waɗanda suka samu suka kunna, yawancinsu zancen hannun suka koma yi. Sunansa DualSense, fari da baƙi, ya fi na PS4 kauri da nauyi, kimanin giram 280 a maimakon 210. Abubuwa biyu ne suka ba mutane mamaki.

Na farko karkarwa. A tsohon hannu, ƙananan injina biyu ne ke juya wani ɗan ƙarfe mai nauyi a gefe guda, sai hannun duka ya ɗauki rawa. Ko bam ne ya tashi ko mota ce ta yi karo, kusan rawar iri ɗaya ce. Sabon kuwa yana aiki ne irin yadda sifika ke kaɗawa ta fitar da sauti, don haka yana iya yin motsi ƙanana iri-iri. A wasan Astro's Playroom da ke zuwa kyauta cikin na'urar, tafin hannunka na bambance takun ɗan mutum-mutumin a kan yashi da takunsa a kan ƙarfe ko ƙanƙara, har da ɗigar ruwan sama a kan lema.

Na biyu maɓallan baya, L2 da R2, masu kama da kunamar bindiga. An sa musu ɗan inji da ke iya tauye su. Idan kana jan baka a wasa, sai ka ji maɓallin na ƙara tauri kamar tsirkiya. A FIFA 21 ta PS5, maɓallin gudu kan yi nauyi idan ɗan wasanka ya gaji. A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce sun ji kamar suna cikin fili, wasu kuma, musamman masu buga gasa, suka shiga saiti suka kashe shi, don yatsa na gajiya kuma su sauri suke so. An kuma yi ƙorafin cewa batirin ba ya jimawa.

Kowane maɓalli da tarihinsa

Hannun da kuke riƙewa ba rana ɗaya aka ƙera shi ba. Maɓallin nan mai siffar gicciye na hagu, dama, sama da ƙasa, kamfanin Nintendo ne ya yaɗa shi a 1982 ta hannun injiniyansa Gunpei Yokoi. Maɓallan kafaɗa, L da R, sun shahara da na'urar Nintendo ta 1990. 'Yar sandar da babban yatsa ke juyawa, wadda ake kira analog, ta samu karɓuwa da Nintendo 64 a 1996. Shekara guda bayan nan Sony ya fito da DualShock mai sanduna biyu da karkarwa, kuma tsarin nan ne ake bi har yau.

Alamomin PlayStation huɗu ma ba ado ba ne. Wanda ya zana su tun a na'urar farko ta 1994, Teiyu Goto, ya yi bayanin cewa alwatika na nufin inda mutum ke kallo, murabba'i takarda ce ko jerin zaɓi, da'ira na nufin "i", X kuma "a'a". A makarantun Japan da'ira malami ke zanawa a kan amsar da ta yi daidai, don haka shekara da shekaru 'yan gem na can da da'ira suke amincewa da zaɓi, yayin da a Turai da Amurka X ake dannawa. Da PS5 ta zo, Sony ya mayar da X ta zama ta amincewa a ko'ina. 'Yan Japan da yawa ba su ji daɗi ba, domin yatsan da ya yi shekara 26 yana zuwa wuri ɗaya ba ya jin umarni a rana guda.

Wanne ya fi? Tambayi babban yatsanka

Babbar muhawara ita ce ta mazaunin sanduna. A hannun PlayStation suna jere ne gefe da gefe a ƙasa. A na Xbox ta hagu tana sama, ta dama tana ƙasa. Masoya Xbox na cewa babban yatsan hagu shi ya fi aiki, don haka ya kamata sandarsa ta kasance inda yake hutawa. Masoya PlayStation su ce daidaito ya fi, hannu biyu su zauna iri ɗaya. Har batir ma ana gardama a kai: na Xbox na cin batir biyu da ake cirewa a sauya, na PlayStation kuma caji ake masa. A inda wuta ke zuwa ta ɗauke, kowanne da ranarsa.

Idan ka bi diddigi, galibi za ka tarar mutum na kare hannun da ya fara riƙewa ne. Wanda ya tashi da PS2, na'urar da ta fito a 2000 aka sayar da fiye da miliyan 150, zai ce maka tsohuwar zuma da ita ake magani. Akwai masu wasan Super Smash Bros da har yau suka fi son hannun GameCube na 2001. Ku ma kun san wannan: a PES da murabba'i ake buga ƙwallo raga, a FIFA kuma da da'ira. Wanda ya sauya wasa bai gyara saiti ba, zai zo gaban mai tsaron gida ya ɗaga ƙwallo sama kamar mai bugun kusurwa. Laifin ba na hannun ba ne, sabo ne.

Sai dai akwai lokacin da laifin na maƙera ne, kuma koken jama'a ya sa suka gyara. Hannun Xbox na farko a 2001 ƙato ne, masu ƙananan hannuwa suka kasa riƙe shi da kyau, Microsoft ya maye gurbinsa da ƙarami da aka yi wa kasuwar Japan. A 2005 Sony ya nuna wani hannu mai lanƙwasa kamar ayaba da yake shirin haɗawa da PS3. Ba'ar da aka yi masa ta sa bai taɓa shiga kasuwa ba.

Bayan ɗoki ya wuce

Ga abin da ba a gani a makon farko. Bayan watanni, sai ka ajiye yatsanka amma ɗan wasanka ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. A cikin yawancin sanduna akwai ɗan ƙarfe da ke gogar wata shimfiɗa siririya don auna inda ka karkata. Gugar yau da gobe na cinye ta, ƙura kuma na shiga, sai na'urar ta ɗauka ana juya sandar alhali ba a taɓa ta ba. Matsalar ta fi yin suna a hannayen Joy-Con na Nintendo Switch ta 2017, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a 2020. An yi irin wannan koke a kan hannayen Sony da Microsoft ma. Shi ya sa yanzu wasu ke neman sanduna masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ba sa gogar komai.

Da Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, an sayar da fiye da miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu. Mutane sun yaba yadda hannayenta ke mannewa da maganaɗisu, da yadda ake goga su a tebur kamar linzamin kwamfuta. Amma tambayar da tsofaffin 'yan gem suka fara yi ita ce, sandunan za su jure?

Kafin ku kashe kuɗinku

Idan kun yi tari ko kun haɗa kuɗi da 'yan uwa za ku sayi hannu, kada bidiyon talla ya yanke muku shawara. Gani ya kori ji, riƙewa kuma ta kori gani. Ku jona shi a gaban mai sayarwa, ku shiga wasa, ku saki sandunan ku ga ko wani abu zai motsa da kansa. Ku danna kowane maɓalli, har da danna sandunan ciki. Jabu ya cika kasuwa, kuma sau da yawa za ku ji bai kai na asali nauyi ba, maɓallansa na ƙara ko maƙalewa. Idan kun saya, ku riƙa rufe shi, musamman lokacin ƙurar hunturu, kuma kada a tashi daga cin awara ko ƙosai a kama shi da maiƙo. Idan yatsa ko wuyan hannu ya fara ciwo, a ajiye a huta. Kuɗin makaranta da lokacin karatu kuwa ba na gem ba ne, kun fi kowa sani.

Abu na ƙarshe. A 2018 Microsoft ya fitar da wani hannu shimfiɗaɗɗe mai manyan maɓallai domin masu lalurar nakasa, wanda ake iya dannawa da ƙafa ko gwiwar hannu, Sony ma ya yi nasa a 2023. An yi su ne saboda wasu sun lura cewa ba kowa ke da yatsu goma masu aiki daidai ba. Lura irin wannan ita ce farkon aikin injiniya. Don haka ranar da kuka sake riƙe hannun gem, kafin a busa usur, ku dubi inda kowane yatsa ya sauka. Wane maɓalli ne ya yi muku nisa? Wanne ne ƙanwarku ba za ta iya kaiwa ba? Ku ɗauki fensir da takarda ku zana yadda za ku gyara shi.